Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin direbobin Kaduna: a hana sakin mota a firi a gangara

Zuwa ga shugabannin Ƙungiyar Direbobi ta Ƙasa, NURTW, reshen Jihar Kaduna, da ciyamomin tashoshinmu na Kawo da Mando da Television da sauran inda ake lodin fasinja.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Yaya kasuwa, yaya haƙuri da jama'a?

Ni bakanike ne. Da yaron mota na fara tun ina ɗan saurayi, na riƙe sitiyari wasu shekaru, daga baya na koma gareji, yau furfura ta cinye gemuna a ƙarƙashin motocin 'ya'yanku. Abincina yana hannun direbobi, saboda haka ba tozarta kowa na zo yi ba. Magana ɗaya ce ta kawo ni, ita ce ɗabi'ar nan da ta zama ruwan dare ta zare giya a saki mota a firi in an zo gangara, wai don a rage shan mai. Wasu ma ba su tsaya nan ba, har makulli suke murɗewa su kashe injin.

Abin da ya sa na kasa yin shiru ya faru ne a daminar da ta wuce. Mun je ɗaurin aure Jos, da za mu dawo na shiga wata bas da za ta biyo ta Kafanchan, aka girmama ni aka ba ni kujerar gaba. Direban yaro ne, da ƙyar in ya kai talatin, ga fara'a ga ladabi. Muna shiga Hawan Kibo na ga ya kai hannu ya buge giya ta koma tsakiya. Ƙarar injin ta kwanta, mota ta yi shiru sai kukan taya, ta fara ɗiban gudu. Na ce, "Malam direba, mayar da ita giya mana." Ya yi murmushi ya ce, "Baba, mai fa ya yi tsada, nan ne muke ɗan samun na cefane."

Ba mu yi nisa ba na ji warin da kowane bakanike ya sani, warin birki in ya ƙone, kamar an jefa tsohon takalmi a murhu. Na sunkuya na dubi ƙafarsa. Fedar da ɗazu yake taɓawa kaɗan mota ta amsa, yanzu sai ta nutse rabi kafin ta ce komai. Ya fara famfa ta, murmushi ya ɗauke. Ga kwana a gabanmu, ga tirela tana rarrafowa daga ƙasa. Na ce masa kada ya nemi giya ta biyu, ba za ta shiga ba a wannan gudun, ya ba ta wuta kaɗan ya tura ta huɗu. Ta shiga da kuka. Da gudu ya ɗan lafa ya samu ta uku, injin ya ɗauki gurnani, ka ji kamar an kamo motar ta baya da igiya. Muka sauka lafiya da ikon Allah. Da ya tsaya, hayaƙi ke tashi daga tayoyin gaba biyun. Yaron motarsa ya rugo da ledojin ruwa zai watsa, na riƙe hannunsa, don ƙarfen da ya yi wannan zafi in ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yakan karkace ko ya tsage. Fasinjojin baya ba su san komai ba. Wata baiwar Allah ma faɗa take yi, wai me aka tsaya yi a daji.

Ban ga laifin yaron can can ba. Kowa ya san halin da ake ciki. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Da aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ga balas, wato kuɗin da direba ke kai wa mai mota, ga kuɗin tasha, ga na hanya. Mutumin da aka matse haka dole ya nemi inda zai numfasa. Abin takaicin shi ne inda ya nufa babu iska. A motar da yake ja, firi ba ta rage masa ko ɗigon mai ba. Ƙara masa ta yi.

Na san wannan magana za ta yi wa wasu dattawa nauyi, don haka bari in faɗi inda ɗabi'ar ta samo asali, tunda a gabanmu aka yi. Garin nan garin Fijo ne. Tun 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri, kuma 504 ita ta raini mafi yawanmu. Motocin wancan zamani kafireto gare su, wato abin da ke gauraya wa injin mai da iska, shi kuwa kafireto ba shi da wayo. Muddin iska na ratsa shi, zai saki mai, ko ka taka totur ko ka ɗaga ƙafa. A irin wannan mota, wanda ya ce firi tana ɗan rage masa mai bai yi ƙarya ba. Daga nan aka gaji abin, uban gida ya koya wa yaronsa, yaron ya koya wa nasa.

Amma ku leƙa tasha yau. Sharon, Golf, Sienna, Corolla, bas ɗin nan da ake ce wa Homa, yawancinsu masu injekta ne, wato abin da ke fesa wa injin mai, kwamfuta ce ke auna musu shi. Kuma an tsara ta da wata dabara: in mota tana cikin giya, tana tafiya, injin ya yi ɗumi, direba ya ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya, sai ta rufe man ƙirif. Me za a yi da mai alhali tayoyi ne ke juya injin? Ba za ta sake buɗewa ba sai ka taka totur, ko juyin injin ya sauko kusa da na silo, wato ɗan juyin da yake yi in mota tana tsaye a kunne, don kada ya mutu. In kuwa ka zare giya, ka raba injin da taya, ba mai juya shi, dole a ci gaba da ba shi mai ya riƙe silo. Ƙaramar mota a silo takan sha tsakanin rabin lita zuwa lita guda a awa. Gangarar minti uku ke nan kamar cokali biyu ko uku na cin abinci. Ba yawa, na yarda. Amma a giya babu ko wannan. Injin gas, wato dizal, ma haka yake tun na da can, famfonsa kan yanke mai in mota na gangarawa a giya ba a taka ta ba.

Gani ya kori ji. Akwai wani direban Sharon da ke kawo mini aiki, ya rantse ya maya cewa tatsuniyar 'yan boko ce. Na ce to tashi mu je. Na jona na'urar da muke duba kwamfutar mota da ita, na miƙa wa yarona ya riƙe ta inda zai gani, muka hau titin Nnamdi Azikiwe da sassafe kafin cunkoso. Na ce kai ta saba'in a giya ta huɗu, sannan ka ɗaga ƙafa. Ya ɗaga. Lambar da ke nuna buɗewar injekta ta faɗi sifili. Na ce to yanzu sa ta a firi. Yana zarewa lamba ta dawo. Sau uku ya maimaita, yana kallon na'urar yana kallona, daga ƙarshe ya ce, "Oga, ashe shekara da shekaru wahalar banza nake yi." Wasu motocin ma ba sa buƙatar na'urata, agogonsu na gaba yana nuna shan mai nan take, kowa na iya gwadawa.

Ba zan ɓoye muku abin da masu musu za su kawo ba, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mota a firi ta fi nisan tafiya, tunda babu abin da ke riƙe ta. A 'yar gangara mai laushi, hanya fetal, tudu na jira a gaba, tana iya ɗan cin riba da wannan gudun. Har wasu sababbin motocin Turai kan yi haka da kansu. To amma can kwamfuta ce ke zarewa, ita ke mayarwa kafin ƙiftawar ido da zarar ka taɓa birki. Mu nan hannun mutum ne, a hanyar da rami ke jira bayan kwana, garken shanu na iya ɓullowa, ga ɗan acaɓa, ga motar da ta lalace aka zuba mata ganye taku goma kacal. Kuma duk inda gangara ta kai a taka birki, ribar ta tafi, don gudun da aka tara birki ne zai ƙone shi.

A nan haɗarin yake, kuma nan nake so ku ba ni hankalinku. Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake yi. Na sa ɗana da ke karatu ya buga mini lissafi: bas mai nauyin tan 3 da lodinta, in ta sauko tudu mai tsayin mita 300, ƙarfin da ta sauko da shi, in aka mayar da shi wuta, ya isa ya tafasa ruwa fiye da jarka guda mai lita 25. A firi, mafi yawan wannan wutar a kan 'yan ƙarafan da ke cikin taya take sauka, fad da faifai a gaba, laini da durom a baya. Tirela mai tan 40 kuwa ku ninka shi fiye da sau goma sha uku. Fad in ya yi zafi ya wuce kima sai ya daina cizo, ka taka yana santsi. Durom in ya yi zafi buɗewa yake yi, ya guje wa laini.

Sai man birki. Wanda aka rubuta wa DOT 3, sabo fil daga roba, an yi shi ya jure zafi har digiri 205 kafin ya tafasa. Amma yana da hali ɗaya, yana zuƙar laima daga iska. In ya daɗe ya sha ruwa, 140 ma na iya tafasa shi. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a juye shi a zuba sabo duk shekara biyu. Tsakani da Allah, motoci nawa ne a tashoshinmu aka taɓa juye musu? Ƙari kawai ake yi. Na sha buɗe mazubin man birki in tarar da shi baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana, na kuma taɓa tarar da ruwan omo, wai an zuba ne a hanya kafin a iso gari, aka iso gari aka manta. Mai in ya tafasa tururi yake zama, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai feda ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Abin da ya fara samun yaron nan ke nan. Bayan awa guda in ƙarfe ya huce sai birki ya dawo garau, a zo ana mamaki, wani ya ce sammu ne.

Injin kuwa birki ne na biyu da aka ba ka kyauta. A motar fetur, in ka ɗaga ƙafa maƙogwaron iska ya rufe, fistin na ta jan iskar da ba ta zuwa, kamar mai tsotson ruwa ta toshasshen tsinke. Wannan jan shi ke riƙe mota, kuma gwargwadon ƙanƙantar giya gwargwadon ƙarfin riƙon. Ba ya ƙonewa, ba ya tafasa. Maigidana da ya koya mini tuƙi, Allah ya jiƙansa, bai san ko ɗaya daga lissafin nan ba, amma ranar da ya ga hannuna ya doshi giya a gangara sai da ya make shi. Ya ce, "Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka." Kuma tun daga bisa ake sa ta, kafin mota ta ɗauki gudu.

Manyan motoci lamarinsu ya fi muni. Birkinsu na iska ne, injin ke juya kwamfuresar da ke cika tankunan. A firi injin yana silo, iska na shiga a hankali, direba kuwa yana ta taka yana saki, kowane taku yana zubar da ita. Ga shi ya yar da birkin salansa da masu ƙera motar suka sa masa musamman don gangara, wanda ba ya aiki sai a giya. In gudu ya yi yawa ya nemi mayar da giya, sau da yawa ƙin shiga take yi. Daga nan sai salati. Washegari a ji a labarai cewa birki ya tsinke. Ni da nake kwance waɗannan birkunan na san da yawa ba tsinkewa suka yi ba, dafa su aka yi.

Masu kashe injin ɗungurungum kuma ban san da wane baki zan yi musu magana ba. Baƙar tukunyar nan da ke bayan fedar birki, wadda ke sa ƙafa ɗaya ta tsayar da mota cike da mutane, daga injin take samun ƙarfinta. In ya mutu, taku biyu ko uku ya rage maka, sannan feda ta zama dutse. Sitiyari mai amfani da mai shi ma ya sandare. In hannu ya zarce makulli ya koma ƙarshe, a wasu motocin sitiyarin kullewa yake yi. Mota mai canza giya da kanta kuwa, famfon man giyarta tsayawa yake yi in injin ya mutu, tana tafiya tana cin kanta.

Akwai kuma abin da ban taɓa jin an ambata ba. Tun watan Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, masu motoci suka kashe kuɗi suka sa. Ita wannan na'ura injin take riƙewa. Motar da aka raba da injinta aka sake ta a gangara, me na'urar za ta riƙe? Gudu kuma in ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa huɗu yake yi.

Wani zai ce fad ya fi giyabos araha, gara a cinye birki da a wahalar da injin. A cikin gari, a shimfiɗaɗɗen titi, ban ƙi ba, aikin birki ne ya tsayar da mota, kuma ban ce kowa ya riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya a kowace danja ba. Abin da na ce shi ne a bar ta a giyar da take, a ɗaga ƙafa, a taka birki, sai ta kusa tsayawa a taka kuloci. In ta tsaya cik a sa firi, babu laifi. Barin mota a giya ba ya cin kuloci. Abin da ke ci shi ne fizgar giya da garaje, da kuma tafiya da ƙafa a danne a kan kuloci, wanda shi ma firi ce da ta sauya riga, ga cin boris. Kada kuma wani ya ji wannan wasiƙa ya je yana gudun ɗari ya cusa giya ta biyu, zai iya tarwatsa injin, in titi da ruwa mota ta juya da shi. A fara rage gudu da birki, sannan a sauko da giya. A tuna kuma injin in yana riƙe mota jar fitilar baya ba ta kamawa, sai a ɗan taɓa birki na baya ya san halin da ake ciki. Masu mota mai canza giya da kanta, lambobin nan 3 da 2 da L da ke ƙasan D ba ado ba ne, don gangara aka yi su.

Ranku ya daɗe, me ya sa ku na rubuto wa, ban rubuta wa gwamnati ba? Saboda jami'in da ke tsaye a bakin titi ba ya ganin inda giya take. Yana iya duba lasin da taya da abin kashe gobara, amma abin da hannun direba zai yi a tsakiyar daji ba ya cikin takarda. Ku ne direba ke jin maganarku, don a hannunku layinsa yake. A Ingila dokokin hanyarsu sun gargaɗi direba ƙarara a kan wannan ɗabi'a, a jihohin Amurka da dama kuma laifi ne a sauko gangara a firi. Mu ba sai mun jira majalisa ba. Yadda kuka iya hana mutum lodi in ya tsallake layi ko ya zagi fasinja, haka za ku iya sa wannan cikin dokokin tasha: wanda aka kawo ƙararsa ya saki mota a firi ko ya kashe injin da fasinja a ciki, a ja masa kunne, in ya sake ya huta kwana biyu.

Amma kafin hukunci a fara da bayani, don yawancinsu da zuciya ɗaya suke yi, sun ɗauka dabara ce. Mutumin da yake ganin kuɗin cefanensa za a taɓa ba zai bari don tsoro ba, sai ranar da ya gane babu kuɗin a wurin. In watannin ƙarshen shekara suka zo ana taron wayar da kai a tashoshi tare da jami'an kiyaye haɗurra, a ware wa maganar nan minti goma. A faɗa wa masu makarantun koyon tuƙi, don na ga ɗalibansu da yawa tun daga nesa suke danne kuloci in sun hango shataletale. A liƙa 'yar takarda a cikin mota da Hausa da Turanci, yadda fasinjan gaba zai samu bakin magana. Yanzu in ka yi magana sai a ce kana yi wa tafiya mugun baki, ko a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ku kuma zauna da masu motoci a kan balas, don wanda aka ɗora wa abin da hanya ba za ta bayar ba, ko ya bar firi zai nemo wata dabarar da ta fi ta muni.

Ni abin da zan iya shi ne wannan. Duk tashar da ciyaman ɗinta ya amince, zan zo da yarona da na'urata ranar da kuka zaɓa, ban nemi ko sisi ba. A ba ni mota ɗaya mai injekta, a zaɓo mini direban da ya fi kowa gardama, a cika bayan da abokan aikinsa, mu zaga rabin awa. In mun dawo kuma a buɗe mini bonet ɗin motocin da ke kan layi, mu leƙa man birkinsu tare.

Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.

Naku,
Wani tsohon bakanike,
Kurmin Mashi, Kaduna.